Ranar da Dakta Nu'uman Ya Juya Farantin Babana

Kafin in ce komai, bari in amsa wa baiwar Allahn nan da ta rubuto mini cewa girman kai ne zai zaunar da ni a gidanmu har in yi furfura. 'Yar'uwa, na gode da addu'a, furfurar ma ai ba kowa Allah yake nuna wa ba. Ki daure ki karanta abin da ya faru ranar Juma'ar nan tukuna. In kin gama sai ki sake zagina, wallahi ba zan goge ba.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Fiddausi Dalhatu, likita ce ni. A nan Riyad aka haife ni, muna zaune a unguwar Shifa, a saman bene, ni da Baba da Umma. A Sudan na yi karatu, yanzu ina aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke bakin Birnin Masana'antu na Biyu. Majinyatana leburori ne da direbobi da masu gadi, 'yan Kano, 'yan Maraɗi, 'yan Damagaram, da sauran bayin Allah da neman abinci ya kawo. Wannan sukari, wancan hawan jini, wani kuma ya haɗa biyun kamar an yi masa rangwame.

Abin da ya sa ni a bakin mutane wani fanni ne da Turawa suke kira lifestyle medicine, ni kuwa ina ce masa likitancin gyaran rayuwa. Ba tsafi ba ne, ba kuma tallar ganye ba ce. Ka zauna da majinyaci ka san me yake ci, yaya barcinsa, yana motsa jiki ko kujerar mota ta zame masa gado, me ke cin ransa, sannan ku gyara abin da zai gyaru tare da maganin da yake sha. Ban taɓa ce wa kowa ya zubar da ƙwayarsa ba, ku zama shaida. Amma don Allah ku gaya mini, mutumin da kamfani ke ba shi farin burodi da safe, shinkafa da rana, shinkafa da dare, ya kora da lemon gwangwani, in na ce masa "ka kula da abinci" alhali ya riga ya miƙe yana laluben ƙofa, magani na yi masa ko korarsa na yi?

Yanzu fannin ya samu masu shirya jarrabawa su ba da takardar ƙwarewa, kuma ni a Legas zan zauna tawa. Na yi rajista, na yi karatu har Umma ta fara cewa littafin zan aura. Abu ɗaya ya rage. Iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar nan, a ƙarƙashin sunan Baba take. Ba ni da ikon fita in dawo sai shi ya buɗe wayarsa ya danna mini bizar fita da dawowa. Ku ji fa, ni da nake rubuta wa ƙarti magani su ce na gode Duktura, ni da bara da aka bar mata su yi tuƙi na riga kowa a layinmu karɓo lasisi, zaman jiran yatsan Baba nake. Kuma ba dannawar kaɗai nake so ba. So nake ya danna ya sa mini albarka, don tunda nake ban taɓa taka ƙafa wani wuri ba da yawunsa ba.

Baba shi ne majinyacina na farko a wannan fanni. Direban babbar mota ne a wani kamfanin tayil tun kafin a haife ni. Sukari ya kama shi, har likitansa ya fara maganar allura. Na roƙe shi ya ba ni dama. Muka sauya farar shinkafa da jarish, wato ɓarzajjiyar alkamar nan ta Larabawa, muka ƙara wake da kifi da zogalen da 'yan Umara ke kawo wa Umma, muka rage dabino. Bayan La'asar mu fita mu taka a hanyar da ke bayan masallacin unguwa, yana mita ina jansa da hira. Da aka yi gwajin wata uku, likitan nasa da bakinsa ya janye maganar allura. Ranar Baba ya dube ni ya ce, "In dai wannan ne karatun, je ki yi shi. Bari mu sallami baƙin nan na Juma'a in danna miki."

To, baƙin Juma'a su ne Dakta Nu'uman da kawunsa.

Nu'uman babban likita ne a wani asibiti a arewacin gari, irin wanda a nan ake kira istishari, wato wanda ya kai ƙarshen tsani. Ɗan Zariya ne, dogo, wankan tarwaɗa, ga iya sa kaya. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son sa. In ya ce "Duktura" da muryar nan tasa mai sanyi, sai in manta abin da na shiga ɗauka a ɗaki. Matsalarmu ɗaya ce. Shi a wurinsa abin da nake yi ba likitanci ba ne, nasihar tsofaffi ce aka sa wa farar riga.

Ranar Laraba ma sai da muka kwasa a zauren wasaf na likitocin Najeriya mazauna Riyad. Wani ya turo sanarwar jarrabawar, kafin ka ce kwabo sai ga Nu'uman:

"Ku yi hattara da irin takardun nan. Fanni shi ne wanda ka yi shekaru kana kwana a asibiti kafin a miƙa maka shi. Wannan kuwa karatun waya ne da jarrabawar yini guda. Ka kai ta gaban masu tantance likitoci ka ga inda za su ajiye ta."

Dakta Sabuwa, wata dattijuwar likitar mata da ta girme mu duka, ta amsa masa:

"Ni ba raina shi nake yi ba, Nu'uman. Tsorona kada a ba shi takarda da ofis, sauranmu mu ce to ga masu shi can, mu kakkaɓe hannu. Wannan aikin kowane likita ne."

Na riƙe wayar ina cizon leɓe. Na rubuta na goge, na sake rubutawa na goge, can dai na ce oho, in ta yi ruwa rijiya, na tura:

"Anti, da kowa yana yi, da ban ga irin ƙafafun da nake gani suna ruɓewa ba. A asibitinmu in na zauna ina tambayar mutum abin da ke cikin tukunyarsa, manaja ke ƙwanƙwasa ƙofa ya ce layi ya yi tsawo. Ranar da na ajiye masa takarda a kan tebur, dole ya ba ni ɗaki da lokaci. Takarda suke jin tsoro, ba bakina ba."

Nu'uman bai tanka a zaure ba. Ta bayan fage ya biyo ni:

"Duktura tawa, likitar salak. Ki bari mu yi aure in nema miki gurbi a fannin yara, fanni na gaske. Kar ki riƙa ba ni kunya a gaban abokan aiki." Ya haɗa da jar zuciya har uku.

"Salak ɗin ne ya hana a yi wa Babana allura," na mayar masa.

"Dace aka yi. Jibi za mu gani."

Na ɗauka tsokana ce irin tasa. Na tura masa hoton dariya na ajiye wayar.

An ce mini a gida Najeriya saurayi ba ya zuwa neman aure da ƙafarsa, iyaye ke zuwa. A nan kuwa wa yake da dangin aike? Nu'uman kawu ɗaya gare shi, Kawu Ghali, mai shagon turare a unguwar Badi'a, don haka aka shirya su biyun za su zo bayan sallar Juma'a. Tun da asuba Umma take kan ƙafa. An wanke majalisa, ɗakin baƙin maza ke nan mai ƙofarsa daban, an jera matasai a jikin bango, an turara ta har hayaƙi na fita ta ƙasan ƙofa. Ni kuma na sa atamfa mai ruwan zuma, ɗinkin riga da siket, da mayafi ruwan madara, hannuna da jan lalle da Mariamou maƙwabciyarmu ta zana mini. Duk wannan kwalliyar fa ba wanda zai gan ta, don budurwar da aka zo nema ko tarinta ba a so a ji. Umma ta ce ko ba a gan ki ba ai ke kin ga kanki.

Abin da ya dame ni abinci ne. Baba ya daɗe da Larabawan nan har ya ɗauki wata ɗabi'arsu ya riƙe ta tamkar farilla: mai gida ba ya cire hannu daga faranti muddin baƙo yana ci, kuma abin da baƙo ya turo gabanka ba ka mayar masa. Ga shi kabsa aka dafa, shinkafa da naman rago, maiƙo har yana ƙyalli.

"Umma, in suka zauna suna ci fa? Kin san Baba ba zai tashi ba."

Ta yi tsaki tana yanka tumatir. "Ke dai kin cika tsoro. Wane ɗan Hausa ne zai zauna gaban surukinsa ya saki ciki ya ci abinci? Loma biyu zai yi ya ce alhamdulillahi don kunya. Kawun ya bi shi, babanki ya tashi lafiya lau."

Duk da haka ban yarda ba. Na dafa jarish da tumatir da kayan ƙamshin kabsa har launinsu ya zo ɗaya, muka zuba shi a gefe guda na babban farantin, na ɗora rabin lemon tsami a kai don alama. Na ce wa Baba, "Inda ka ga lemon nan, nan ne wurinka." Ya yi dariya ya ce, "To, ranki ya daɗe."

Suka iso. Ni da Umma muka maƙale a bayan ƙofar da ke tsakanin majalisa da cikin gida, wadda ba ta rufuwa ruf tun da aka sa ta. Allah na tuba, na leƙa. Nu'uman cikin farar shadda da hula mai aikin shuɗi, agogo na walƙiya, ƙamshin turarensa ya danne na Umma. Kyau kam ya yi kyau. Kawu Ghali kuwa gajere ne mai tumbi, cikin babbar riga, da carbi a hannu. Aka sha gahawa, aka gaisa aka sake gaisawa, Kawu ya gyara murya ya ce, "Alhaji, iri muka zo nema a gidan nan."

Baba ya ce, "Madalla. A ci abinci tukuna, magana ba ta gudu."

Ya zo bakin ƙofa ya karɓi farantin daga hannun Umma, ya ajiye a kan leda, ya zauna daidai wurin lemon tsami. Na sauke ajiyar zuciya.

Nu'uman ya wanke hannu, ya naɗe hannun riga, ya tsaya yana kallon farantin.

"Baba, wannan na gabanka kamar ba irin namu ba ne."

"Na likitata ne," in ji Baba yana murmushi.

"Haba Baba! Mai gida ya ci tsaki, baƙi suna cin shinkafa? Wallahi ba za a yi haka a gabana ba."

Ya sa hannu biyu ya kama bakin farantin ya juya shi. A kan idona lemon tsamin nan ya yi tafiya ya bar gaban Baba ya koma can jikin bango inda babu kowa. Tulin shinkafa da kitsen rago suka tsaya a gaban mahaifina.

Na damƙi hannun Umma. Ta raɗa mini, "Ki kwantar da hankalinki, yanzu zai tashi."

Tashi? Ina! Kunyar da Umma ta dogara da ita, ashe tun a filin jirgi ya baro ta. Kawu Ghali ya ci abin da zai ci ya koma ya jingina yana sakace. Nu'uman kuwa ya miƙe ƙafa ɗaya, yana ci a hankali kamar mai jiran mota, yana ɓare nama yana tura wa Baba, yana haɗa masa da shinkafa mai maiƙo.

"Bismilla Baba. Ga likita a gabanka, me kake tsoro?"

Baba ya ɗaga kai ya dubi ƙofar da muke, sau ɗaya, sannan ya sunkuya ya ci gaba da ci. Duk lokacin da ya sassauta, sai Nu'uman ya sake kai hannu, dole shi ma ya kai. Da shinkafa ta ja baya, sai Nu'uman ya jawo kwalin kunafar da suka zo da ita, wato wata alawar Larabawa, zaƙinta har ɗiga yake, ya yanka babban yanki ya miƙa da hannu biyu. "Wannan tsarabarmu ce Baba, ba a mayar da ita." Ya bi da dabino, ya bi da lemon mangwaro.

"Innalillahi," in ji Umma. "Yaron nan ba shi da ta ido?"

Ni kam zuciyata tafasa take yi, ina jin zufa na bin bayana tana jiƙa sabuwar atamfar.

Aka kawo shayi, aka shiga hira, Kawu yana ba da labarin tsadar haya a Badi'a da yadda Zariya ta canza. Hira ta yi nisa. Ina kallon Baba yana ta kwankwaɗar ruwa, idonsa ya yi nauyi, yana share goshi da gefen rawani. Sai Nu'uman ya sa hannu a aljihun shaddarsa ya fito da 'yar na'urar gwajin sukari.

Masu karatu, ku tsaya nan. Wa ke zuwa neman aure da na'urar gwajin sukari a aljihu?

"Baba, na ga kamar jikinka ya yi nauyi. Kawo yatsa in duba."

Ya soka, ya jira, ya juya fuskar na'urar wajen kawunsa. "Ɗari uku da ɗoriya," ya faɗa da ƙarfi yadda duk wanda ke bayan ƙofa zai ji. Sannan ya sassauta murya, ya sa ta ladabi.

"Baba, ka gani ko? Ba don in ɓata wa kowa ba. Fiddausi yarinya ce mai ƙoƙari, amma ciwon nan ba a yi masa wasa da ganye da yawon La'asar. Jarrabawar nan da take son zuwa Legas, babu asibitin kirki da zai dube ta. Ni shawarata a bar maganar tafiyar nan, ta zauna mu yi abin da ya kamata, in sa ta a hanya. Kai kuma a duba ka da kyau."

"Ai magana ta ƙare," in ji Kawu Ghali. "Gani ya kori ji."

Baba ya daɗe yana kallon ɗigon jinin da ke yatsansa. Can ya ce, "To..."

Na san wannan "to" ɗin. Ita ce yake yi in zai ba mutum haƙuri a kan abin da ya riga ya yi alkawari. Ban san lokacin da na tura ƙofar ba. Umma ta cafko mayafina, ya zame ya bar mata gefe ɗaya a hannu, na fizge na yafa na shiga.

"Salamu alaikum."

Carbin Kawu ya tsaya. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, don kada gobe a ce ba a koya mini gaisuwa ba. Sannan na juya wajen Nu'uman.

"Dakta, da safe kafin ya karya na gwada shi, bai kai ɗari da ashirin ba. Ƙwayarsa ta safe ya sha, a hannuna ya karɓa. Tsakanin safe da yanzu me ya canza? Maganin ne ya canza ko farantin?"

"Fiddausi, ba a nan ba."

"A nan ka yi gwajin, a nan za a karanta sakamako. Da hannunka ka juya farantin nan. Zama ɗaya ka yi da shi ka kai shi ɗari uku. In abin da mutum ya ci yana da wannan ƙarfin, ta yaya za ka dubi idon mutane ka ce sanin abin da zai ci ba likitanci ba ne? Duk zauren likitocin nan babu wanda ya ba ni shaida irin wadda ka ba ni yau. Na gode."

Fuskarsa ta canza. Ya buɗe baki, ban bar shi ba, don ni in na fara sai na kai aya.

"Kuma ka san yana da sukari. Ka san ba zai cire hannu ba sai ka cire. Ka taho da na'ura a aljihu tun daga gida. Don ka ci gardamar wasaf ka cika dattijo da shinkafa da zaƙi? Wannan a wane fannin aka koya maka shi, fannin gasken?"

"La'ilaha illallahu!" Kawu Ghali ya yunƙura yana tattara babbar riga. "Alhaji, haka ake yi a gidan nan? Nu'uman, tashi mu tafi. Mun zo neman mata, ashe alƙali za mu ɗauka."

Baba bai ɗaga murya ba. Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Fiddausi, fita."

Na fita. Ina tsaye a bayan ƙofa na ji ya raka su, takunsa a kan bene da nauyi, muryarsa tana sauka tana cewa, "A yi haƙuri, ƙuruciya ce. A yi haƙuri." Wallahi wannan ban haƙurin ya fi mini mari ciwo. Shi aka cutar, shi ke ba da haƙuri. Umma ta zauna a kan buhun shinkafa a kicin ta rafka tagumi, abin da kawai take maimaitawa shi ne, "Kin kashe mu, Fiddausi. Gobe duk Hausawan Riyad sun ji."

Su ji mana! Masu cewa da na yi shiru, ku gaya mini, in naku uban ne aka ɗura wa abin da zai cutar da shi kuna kallo, a kuma ɗauki sakamakon a rufe muku ƙofa da shi, kwalliya za ku tsaya gyarawa a bayan labule?

Bayan La'asar na ɗauki ruwa da na'urata na shiga majalisa. Baba na zaune a inda yake, ba a ko naɗe ledar ba, ga jarish ɗina can a gefen faranti ya sandare ba wanda ya taɓa shi.

"Baba, tashi mu ɗan taka, zai taimaka ya sauka."

"Zauna."

Na zauna a kan gwiwoyina.

"Abin da kika faɗa gaskiya ne," ya ce. "Tun yana juya farantin na san ba don girmamawa ya yi ba."

"To Baba, ai shi ya sa..."

"Ban gama ba. Kin san sunana a kamfani? Tun kafin a haife ki babu wanda ya taɓa ce mini Dalhatu. Ya sawwag. Kai direba. Ɗan mai kamfanin da na riƙa kaiwa makaranta shi ne manaja yanzu, da yatsa yake kirana, in taso. Na haɗiye, don ku ci ku yi karatu. In na hawo benen nan na shigo ɗakin nan, nan kaɗai ne nake mai gida a duk ƙasar nan. Da kin bar ni, ni na san yadda zan sallami baƙona. Sai kika shigo kika nuna musu ko a nan ma Dalhatu ba ya iya tsaya wa kansa, sai 'yarsa ta zo ta karɓe shi."

Hawaye suka cika mini ido. Ban taɓa jin ya faɗi wannan ba, ko sau ɗaya. Kullum in ya dawo aiki da fara'a yake shigowa, da ledar lemo ko ta burodi a hannu.

"Baba, ka yafe mini zafin da ka ji. Amma ba zan ce na yi nadama ba, don ƙarya zan yi maka. In aka sake yi maka haka a gabana, zan sake shigowa."

"Na sani. Ai ni na haife ki."

Ya laluba aljihu ya ciro tabarau, ya ɗauki wayarsa. Yana dannawa a hankali da yatsan da aka soka, yana matso da ita kusa da ido. Sai wayata ta yi ƙara a cinyata. Saƙo ne da Larabci, an ba Fiddausi Dalhatu bizar fita da dawowa.

"Alkawari na yi, na cika," ya ce. "Je ki Legas ki karɓo takardarki."

Na sunkuyar da kai na jira. Kun san abin da nake jira. Ko kasuwa za ni Baba sai ya ce Allah ya yi miki albarka, ya kai ki lafiya. Na jira har na ji ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ta cika mini kunne. Ya cire tabarau ya ninke ya mayar aljihu.

"Daga yau kuma ki cire hannunki daga abincina. Ki yi likitancinki a waje. A gidan nan ni ubanki ne, ba majinyacinki ba."

"Baba, don Allah, sukarinka..."

"Ɗauki na'urarki, Likita."

Bai taɓa kirana da wannan sunan ba sai ranar. Na ɗauki na'urar, na bar masa ruwan, na fito. Ina shiga ɗakina wayar ta sake ƙara. Nu'uman ne.

"A kan bene Baba ya ce ranar Lahadi zai zo asibitina, ni zan riƙa duba shi daga yanzu. Kawu ya yi fushi amma zan lallashe shi. Ki huce, Duktura. Har yanzu ina son ki."

Na karanta na sake karantawa. Bizar da na yi wata da watanni ina mafarki tana sama, saƙonsa yana ƙasa, a fuskar waya ɗaya. Lallen Mariamou ya yi jawur a kan yatsuna, na rubuta masa:

"Riƙe sonka, ba na bukata. Legas kuma zan je. Babana aro na ba ka, ka kula mini da shi, don zan dawo in karɓe shi."

Na tura. Sannan na shiga banɗaki na buɗe famfo har ƙarshe, don kada Baba ya ji kukana daga majalisa.